Daula Otal: Wani Ya Sayar, Wani Ya Rushe, Wa Zai Biya?

Duk wanda ya san Titin Murtala Mohammed a Kano ya san Daula Otal, ko da kuwa bai taɓa shan ruwan sanyi a cikinsa ba. Otal ne na gwamnatin Jihar Kano tun shekarun 1970, mai faɗin fili da itatuwa, a tsakiyar gari inda taku ɗaya na ƙasa ya fi gonar wani tsada. A kan wannan fili aka tayar da ginin gidajen alfarma da shaguna da sabon otal, aka kai shi wani mataki, sannan aka wayi gari a watan Yunin 2023 katafila ta mayar da shi tsibin ƙasa. Daga nan kuma sai kotu. Ni dai abin da nake son faɗi ba zai yi wa 'yan jar hula daɗi ba, haka kuma ba zai yi wa mutanen Ganduje daɗi ba, domin kuwa a ganina wanda ya sa hannu ya bayar da filin da wanda ya turo katafila duk ɗabi'arsu ɗaya: kowannensu ya ɗauki dukiyar jama'a kamar gadon gidansu.

Kafin wani ya ce ina ruwan mutumin Gagarawa da rigimar cikin birni, bari in tuna masa cewa lokacin da aka gina Daula babu wata jiha mai suna Jigawa. Sai ranar 27 ga Agustan 1991 aka yanke mu daga Kano. Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar da Gagarawa duk Jihar Kano ce a wancan zamani, gyaɗarmu ake lodawa a tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa a yi Kano da ita, iyayenmu kuma suna biyan haraji da jangali har zuwa 1979 da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su. Saboda haka akwai gumin iyayenmu a tubalin tsohon Daula, kuma ina da bakin magana.

Ga yadda abin ya faro. Otal ɗin ya daɗe da lalacewa, kamar yadda kusan duk wani kamfanin gwamnati yake lalacewa a ƙasar nan. A zangon mulkinsa na biyu, wato 2011 zuwa 2015, Rabi'u Musa Kwankwaso ya mayar da wurin makarantar koyon aikin otal. Da Abdullahi Umar Ganduje ya hau, sai gwamnatinsa ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin gine-gine mai suna Lamash Properties. Irin yarjejeniyar nan ce da ake kira haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa: gwamnati ta kawo fili, kamfani ya kawo kuɗi da ma'aikata, idan an gama kowa ya ɗauki kasonsa. Kamfanin ya ce sabon otal ɗin da yake ginawa shi ne kason gwamnati, shi kuma ya mayar da kuɗinsa daga gidaje da shagunan da zai sayar.

A takarda abin gwanin sha'awa. To amma wa aka tambaya? Wane ne ya yi wa filin kuɗi, kuma da wane ma'auni? Talakan Fagge ko na Brigade da ake cewa filinsa ne, ya taɓa ganin ko shafi ɗaya na wannan yarjejeniya? Kuma Daula ba shi kaɗai ba ne. A shekarun nan an yanka jikin Filin Idi na Ƙofar Mata an yi shaguna, an yanka Sansanin Alhazai, an yanka gefen Filin Sukuwa, an taɓa harabar makarantu, har jikin badala ba a bari ba. Garin da yara ba su da wurin buga ƙwallo, garin da ajin firamare yake cika har bakin taga, shi ne aka ga babu abin da ya fi buƙata sai gidajen da mai albashi ba zai iya sayen ko banɗakinsu ba. Mu marubuta mun sha zana irin waɗannan gidaje a littattafanmu, falo uku, bene mai juyawa, Alhaji ya fito da makullin mota a hannu, har ana yi mana gorin cewa muna ɗora wa 'yan mata buri. To mu dai a takarda muka gina namu, ba mu ci filin kowa ba.

Saboda haka duk wanda ya ce jama'ar Kano ba su da dalilin jin haushi, bai yi adalci ba. Haushin nan ne ma ya taimaka wa Abba Kabir Yusuf ya ci zaɓen 18 ga Maris 2023, kuma bai ɓoye aniyarsa ba, tun kafin a rantsar da shi ya fitar da sanarwa cewa duk mai gini a filin gwamnati ya dakata. Aka rantsar da shi ranar 29 ga Mayu. Ranar 3 ga Yuni, kafin gari ya waye, aka rushe bene mai hawa uku da shaguna 90 a Filin Sukuwa. Kafin mako ya zagayo an shiga Daula, an shiga Sansanin Alhazai, an shiga Filin Idi. Kafin watan ya ƙare har shataletalen ƙofar gidan gwamnati, wanda aka gina domin cikar jihar shekara 50, ya bi sahu.

A nan ne na rabu da masu tafi. Jama'a, don Allah mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Idan ɓarawo ya saci filinka ya yi gini a kai, kuma kana da hujja, me hankali zai ce ka yi? Ka kai shi gaban alƙali, ka karɓe filin da ginin gaba ɗaya, ka zuba iyalinka a ciki. Wane mai hankali ne zai ce a'a, bari in fara ƙona ginin tukuna? Siminti bai san jam'iyya ba. Rodi da bulo da tayil ɗin da aka zuba a Daula da an ƙwace su ta hanyar shari'a da sun zama ɗakunan kwanan ɗalibai, ko asibitin haihuwa, ko ofisoshin da gwamnati take biyan haya a kansu duk shekara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, in dai maganar kamfanin gaskiya ce cewa sabon otal ɗin kason gwamnati ne, to gwamnati kayanta ta rushe da hannunta, ta kuma sayi man katafilar da kuɗin jama'a.

Kuma ba wai babu hanya ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amma kalmar da ta yi amfani da ita ita ce amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke takardar mallaka idan akwai buƙatar jama'a da ta rinjayi ta mai fili, da sharaɗin a ba mai filin sanarwa a rubuce. Sashe na 29 ya yi maganar diyyar abin da aka gina a kai. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya hana karɓe dukiyar mutum da ƙarfi sai ta hanyar doka, tare da biyan diyya ba da ɓata lokaci ba da kuma ba shi damar zuwa kotu. Duk lauyan da ke Ma'aikatar Shari'a a Sakatariyar Audu Bako ya haddace waɗannan sassa. In kuwa gwamnati tana ganin yarjejeniyar ha'inci ce tun daga tushe, to kotu ce take warware ha'inci, kuma a can ne za a tilasta wa waɗanda suka sa hannu su zo su yi bayani da bakinsu. Sai a watan Afrilun 2024, wata goma bayan ƙura ta lafa, aka kafa hukumar shari'a da za ta binciki yadda aka yi da kadarorin gwamnati daga 2015 zuwa 2023. Ihu bayan hari ke nan. An zartar da hukunci da daddare, sannan aka zo ana neman shaidu da rana.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Masu shagunan Filin Idi suka garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, a watan Satumban 2023 Mai Shari'a Simon Amobeda ya ce gwamnati ta biya su naira biliyan 30. Aka kai ruwa rana har da batun riƙe asusun gwamnati a bankuna, kafin shekarar ta ƙare aka sasanta a kan biliyan 3. Shi kuwa Lamash tun a makon rusau ya ce zai nemi diyyar biliyan 10, a 2024 kuma Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke cewa a biya shi biliyan 8.5. Ko a ɗaukaka ƙara, ko a zauna a sasanta a rage, duk kwabon da aka biya ba daga aljihun Ganduje zai fito ba, ba kuma daga aljihun Abba ba. Daga baitulmali zai fito, inda kuɗin alli da na maganin zazzaɓi da na fanshon tsofaffin malamai suke. Yaron da ya yi ta tsalle yana kabbara a bayan katafila, shi ne zai je asibitin gwamnati a rubuta masa magani ya fita waje ya saya.

Wani zai ce ai darasi aka koyar, gobe babu wanda zai ƙara sayen filin gwamnati. Wane darasi? Wanda ya sa hannu ya bayar da filin, gidansa ko fenti bai kankare ba. Babban ɗan kasuwa yana da manyan lauyoyi, yana da takardunsa a jaka, yana da haƙurin jiran shekara biyu ko biyar, ƙarshenta ma wataƙila a biya shi kuɗin ginin da bai sha wahalar neman masu saye ba. Abin da mai kuɗi ya koya kawai shi ne, duk ginin da zai yi a Kano ya gama ya sayar kafin zaɓe, ko kuma ya kwashi dukiyarsa ya yi Abuja.

Waɗanda suka ji a jikinsu su ne marasa lauya. Akwai ɗan tireda da ya sayar da gonar gado ya kama shago a hannu na biyu ko na uku, bai san wata yarjejeniya ba, takarda ya gani da hatimin hukuma ya yarda. Akwai birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi da lebura, waɗanda da yawansu 'yan ci-rani ne irin yaranmu da suke barin ƙauye bayan an ɗaure amfanin gona, su kwana a kangon da suke ginawa, a biya su da yamma ko a ƙarshen mako. Ran da gini ya faɗi aikinsu ya faɗi, kuma babu kotun da za ta ji labarin kuɗin kwana huɗun da suke bin ɗan kwangila. Sannan ga matasan da suka yi dafifi suna kwasar ganima, masu ƙofa, masu taga, masu tonon rodi da guduma, 'yan sanda suka kama na kamawa, baraguzan Daula kuma suka rufta wa wasu. Allah Sarki talaka. Rabonsa a gidan alfarma bai wuce guntun ƙarfen da zai kai wa ɗan gwangwan a auna masa a sikeli ba, shi ma sai ya sa ransa a kai.

Mu a nan ƙasar Gumel mun san ɗaya fuskar wannan doka. A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, gwamnatin Jigawa ta ware hekta 12,000 domin kamfanin Lee Group ya yi gonar rake da masana'antar sukari, filin da ya taɓa Gagarawa da Sule Tankarkar da Garki da Taura. Manoma suka yi ta kuka a kan gonakin da suka gada kaka da kakanni da kuma ɗan abin da aka ce shi ne diyya. Ban ce kada a yi masana'anta ba, wanda ya ga yadda samarinmu suke tsere wa ƙauye ba zai ƙi aikin yi ba. Amma dubi yadda ma'aunin yake. Kalmar nan ta “buƙatar jama'a” ita aka karanta wa manomin gero aka karɓi gonarsa aka ba mai kuɗi, ita kuma aka karanta a Kano aka rushe ginin mai kuɗi. Shi mai ginin ya fito daga kotu da hukuncin biliyoyi. Manomi kuwa, tunda doka ta ce ƙasar ba tasa ba ce, abin da ake lissafa masa bai wuce shuka da bishiya da ɗan ginin da ke kai ba, kuma gonar gero bayan girbi me ke kanta in ban da kara?

Shi ya sa idan na ji ana musu a majalisa, wannan yana cewa Abba jarumi ne, wancan yana cewa Ganduje mai kawo ci gaba ne, sai in ga duk an bar jaki ana dukan taiki. Jakin shi ne ikon da mutum ɗaya yake da shi na ya kyautar da filin miliyoyin mutane da alƙalami, wani kuma ya zo ya share abin da aka gina da umarnin baki, babu majalisar dokokin da ta tsaya ta ce a kawo takardu mu gani. 'Yan majalisar Kano 40 ne. Suna nan aka bayar, suna nan aka rushe.

Abin da nake nema ba shi da tsada, bai kai kuɗin man katafila na yini ɗaya ba. Gwamnatin Kano ta buga yarjejeniyar Daula gaba ɗayanta a jarida, da Hausa da Turanci, da sunan duk wanda ya sa hannu da kuɗin da aka yi wa filin. Ta buga rahoton hukumar binciken da ta kafa a 2024. Ta faɗi nawa ta biya diyyar rusau zuwa yau, wa da wa aka biya, kuma daga wane kaso na kasafin kuɗi aka cire. Gwamnatin Jigawa ita ma ta liƙa tata yarjejeniyar ta gonar rake a sakatariyar ƙaramar hukumar Gagarawa, tare da jerin gonakin da aka karɓa da abin da aka biya kowane mai gona, yadda duk wanda ya shigo kasuwa zai iya tsayawa ya nemi sunan mahaifinsa.