Cimar Yaro Mai Amosanin Jini a Karkarar Kano

A cikin watan Mayu na 2024 Gwamnan Kano, Alhaji Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin jini kafin a ɗaura aure. Wannan doka ta yi kyau, gama idan miji da mata duka suna ɗauke da irin amosanin jini, watau sikila, kowane ciki da za a samu yana da rabo ɗaya cikin huɗu na fitowa da ciwon. Amma fa doka ta tsare waɗanda ba a haifa ba ne. Waɗanda suka riga suka zo duniya suna nan a ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da Kunci da Makoɗa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tun 2006 cewa ana haihuwar irinsu wajen 150,000 kowace shekara a Nijeriya. Me za su ci?

A sani ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa da kyar take wuce kwana 20. Saboda haka jikin yaron kullum cikin ƙera sabon jini yake, dare da rana, kamar maƙeri wanda ba a kashe masa wuta, sai gawayinsa ya riƙa ƙarewa da wuri. Shi ya sa za a ga ya ci tuwo daidai da 'yan'uwansa amma shi ya tsumbure, ɗan shekara goma sai ka ce ɗan bakwai.

Likitocin Kano tare da na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun buga wani bincike a 2023. Sun ɗauki yara 110 masu sikila, 'yan shekara 5 zuwa 12, waɗanda rama ta yi wa tsanani, suka riƙa ba su abincin nan na gyaɗa da madara da ake ba masu tamowa, har mako 12. Kashi 39 cikin ɗari suka fita daga tsananin ramar. Abin lura a nan shi ne shekarunsu, domin rabon abincin tamowa a asibitoci an tsara shi ne don 'yan ƙasa da shekara biyar, shi kuwa mai sikila da ya haura biyar an rufe masa wannan ƙofa alhali bukatarsa ba ta ragu ba. Lalle ya kamata hukuma ta sake duba wannan iyaka.

Kafin nan, abin da jikinsa ke nema yana cikin gonar ubansa. Ƙasar nan ta kewayen Kano, duk da ƙarancin fili da yawan jama'a, tana ba da wake da gyaɗa da riɗi a tsakanin kunyoyin gero da dawa, ga zogale a bakin danga, ga rama da yakuwa da kuka. Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa da nono su ke gina jiki, ganyaye kuwa su ke taimakon ƙera jini. Matsalar ita ce da kaka ta yi, sai a auna wake da gyaɗa a kai kasuwa, su bi mota zuwa Dawanau, a bar tsabar hatsi a rumbu. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 tsada ta ƙara ingiza mutane ga wannan, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Ba a zargin manomi, bashi ne ke bisa wuyansa. Amma ɗan kasuwar da ya san akwai irin wannan yaro a gidan abokin cinikinsa, in ya ce masa ya rage 'yan kwanoni na wake ya ajiye don damina, bai yi asara ba. Zancen cewa ƙwai yana koya wa yaro sata kuwa, wannan camfi ne, a dafa na zabi a ba shi.

Sa'an nan ruwa. Ƙishirwa tana sa jini ya yi kauri ya toshe jijiya, daga nan ciwon gaɓoɓi ke tashi, haka kuma sanyin hunturu da zazzaɓin cizon sauro. Wannan ya shafi malaman tsangaya ƙwarai. Almajiri mai sikila ba na tura wa bara da tsakar rana ba ne, ba kuma na kwana a rumfa cikin ɗari ba. Mafi dacewa ya yi karatunsa a gaban iyayensa, inda za a ba shi abinci sau huɗu ko biyar a yini, kaɗan-kaɗan, da butar ruwa kusa da allonsa. In ya balaga kuma likita ya ce azumi zai cuce shi, rangwamen da shari'a ta yi wa majinyaci ya hau kansa.

Sauran abu guda. Iyaye kan ga idon yaro ya yi fari su ruga kantin magani su sayo maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe. Kada a ba shi sai da izinin likita, musamman wanda aka sha yi wa ƙarin jini, gama ƙarfen yakan taru a hanta da zuciya ya yi ɓarna. Ƙwayar folik da maganin hydroxyurea da na rigakafin zazzaɓi su ake rubutawa a asibiti, kamar na Malam Aminu Kano da na Murtala a cikin birni, kuma zogale ko wake ba ya maye gurbinsu.