Bel Ɗin Da Ba Ya Yin Sallama

Asabar ɗin da ta wuce na yini a gindin darbejiyar ƙofar gidana a Gusau, hannu dumu-dumu da baƙin mai, ina canza bel ɗin taimin na tsohuwar Peugeot 406 ɗina. Maƙwabta na ta tsokana, wai tsufa ya mai da ni bakanike.

Tsoro ne ya sa ni, ba rowa ba. Wannan bel mai haƙora shi ke daidaita buɗewar bawul da hawan fistin. Ba ya kuka kamar fambel, ba ya gargaɗi. Idan ya tsinke mota na gudu, fistin ya doki bawul ya lanƙwasa su, injin ya mutu nan take. A da, wannan asarar kuɗi ce kawai. Yau kuwa, wanda motarsa ta mace masa da la'asar sakaliya tsakanin Tsafe da Gusau, ko bayan Bungudu a hanyar Sakkwato, ba kuɗin gyara yake tunani ba. Ga shi motocinmu na hannu ne, ba mu san tafiyar da suka yi a Turai ba.

Aikin na son haƙuri. Na kulle injin da fil-fil ɗinsa kafin in zare tsohon bel, na canza famfon ruwa da abin ɗaure bel gaba ɗaya, sannan na juya injin da hannu zagaye 2 don in tabbatar alamomin sun koma mazauninsu. Haƙori ɗaya ya goce, aiki ya ɓaci.

Da na lanƙwasa tsohon, sai ga tsaga a gindin kusan kowane haƙori. Da shi na kai iyalina Tsafe biki makon jiya.