Wayar totur ba abin wasa ba ce

Masu tsofaffin akori-kura na Chevrolet a Amurka suna kashe maƙudan kuɗi a sake haɗa musu giyabos na otomatik samfurin 700R4, wanda kamfanin General Motors ya fara sakawa a 1982, sannan su lalata aikin da hannunsu. Idan mota ta jinkirta shiga giya ta biyu, ko ta shiga da fizga, sai mai ita ya buɗe bonet ya sassauta wayar da ta taso daga totur zuwa giyabos. Nan take canjin giya ya yi laushi, mai motar ya ji daɗi. To, wannan wayar ba lokacin canji kaɗai take tsarawa ba, ita ke ƙara ƙarfin matsin man giyabos idan an taka totur. Idan ta yi sako-sako, sai matsi ya ragu, fayafayan kulocin giya ta uku da ta huɗu su riƙa zamewa har su ƙone, man ya koma baƙi yana ƙauri. Ni dai a ganina, a saita wayar yadda kamfani ya ce, a auna matsin da geji, a bar ta. Wanda lokacin canjin bai yi masa ba, ya sa bakanike ya sauya sifirin da nauyin na'urar da ake kira gwamna a giyabos ɗin.