Kaka Ba Ta Ƙare Ba, A Dakata Da Talla

Jama'a, wata ɗabi'a ta shigo ƙasar nan, kuma ya kamata a kira ta da sunanta. Tun hatsi yana tsaye a gona, tun ba a ɗaure damin farko ba, ƴan kasuwa sun fara yi mana kirarin ƙarshen shekara. Rediyo talla, salula talla. Ka shiga kasuwar Ƙonni ran Laraba cikin watan Oktoba, za ka tarad da atamfa da takalma da rigunan sanyi an baje, ana cewa a yi hanzari kafin su ƙare. Ina sanyin yake? Ko iskar hunturu ba ta taso ba. Ba sanyi suka hango ba, rumbunka suka hango.

Kaka kuwa tana da hakkinta, kuma iyayenmu sun san shi. Babu ranar hutu da gwamnati ta rubuta mata a kalanda. Sallah ma ba ta zama wuri ɗaya, kowace shekara tana matsowa da kwana 11 ko kusa da haka, yau ta faɗo cikin damina, gobe cikin bazara. Saboda haka godiyar kaka a aikace ake yin ta. Yara su gasa tumu a bakin gona. Uwargida ta dama furar sabon hatsi, a aika wa maƙwabta da surukai. A bar wa tsofaffi mata su yi kala, ba mai korar su. Sa'an nan maigida ya tsaya bakin rumbu yana ƙirga dami: tara a ciki, na goma a gefe. Wannan shi ne zakka. Malamai sun ce in amfanin ya kai nisabi, wato sa'i 300, abin da ruwan sama ya shayar ana fid da ɗaya cikin goma, wanda aka sha wahalar ban ruwansa kuma ɗaya cikin ashirin. Aya ta 141 a Suratul An'am ta ɗaura wannan hakki a kan ranar girbi kanta. Ba a ce sai an dawo daga kasuwa a duba abin da ya saura ba.

To, yanzu fa? Wanda ya ci bashi da damina, mai bashi yana bakin gona da buhunsa tun ba a yi sussuka ba. Bayansa ga ɗan sari da tiyarsa. Bayan ɗan sari ga mai babur da mai salula. Kafin malamin gari ko gwauruwar unguwa su ga dami ɗaya, rabin gona ya hau mota. In ka yi magana a ce zamani ne. Wane zamani? Zamanin da mutum zai sayar da abincin watan Yuli don ya sayi kwalliyar watan Disamba?

Lissafin ba shi da wuya, ko wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci jiya zai iya yin sa. Da kaka kowa yana kai hatsi kasuwa rana ɗaya, sai kuɗinsa ya faɗi. Mai jari ya saya, ya kulle a sito. In ruwa ya sauka, rumbu ya koma fanko, sai ka koma wurinsa ka sayi hatsin da ka noma da hannunka, da tsada, wataƙila ma bashi. Mutanen jihar Tawa ba sa bukatar a ba su labarin wannan. Wanda bai ga 1984 ba ya ga 2005, shekarar da hatsi yake jibge a kasuwa amma talaka sai dai ya kalle shi. Fari da fara sun yi nasu aikin a damina ta 2004, gaskiya ne. Amma tsada ce ta ƙarasa mutane.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke fama. A Amurka akwai Ranar Godiya, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, wadda asalinta godiyar girbi ce. Shugaba Lincoln ya mai da ita ta ƙasa baki ɗaya a 1863. A 1939 manyan masu kantuna suka matsa wa Shugaba Roosevelt, ya jawo ranar baya da mako guda don kwanakin sayayyar Kirsimeti su ƙaru. Mutane suka yi ta surutu, har a 1941 majalisarsu ta kafe ranar da doka. Duk da haka kashegarinta ta zama ranar rububin kantuna, wadda suke kira Baƙar Juma'a. Jiya mutum ya gode wa Allah bisa abin da yake da shi, yau da asuba yana turereniya kan abin da ba shi da shi. Wannan baƙar rana ta ƙetare teku, tana cikin tallan da ke shigowa wayoyin ƴaƴanmu. Su can albashi suke kashewa, wata mai zuwa wani zai shigo. Manomin Illela albashinsa sau ɗaya ne a shekara.

Wani zai ce: kai, so kake manomi ya zauna da tsumma? A'a. Wanda ya yi wata huɗu yana duƙe da hauya ya cancanci sabuwar riga, matarsa ta fi shi cancanta. Auren kaka ma ba yau aka fara ba, kuma ɗan kasuwa shi ma iyali gare shi. Abin da muke ƙi shi ne a sa keke gaban jaki. Disamba tana nan tafe, ba inda za ta. Ga bikin Jamhuriya ran 18 ga wata, ga kokawar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975 kuma a ƴan shekarun nan ake yin ta ƙarshen shekara, da tutocin kamfanoni kewaye da fili. Mu ma muna kasa kunne ga rediyo in an kama. Amma kokawar nan ɗiyar kaka ce. A dandalin ƙauye aka haife ta, da farin wata, bayan rumbuna sun cika, samarin wannan gari su je wa na wancan. Yau dandalin shiru, domin samari ba su tsaya an rufe rumbu ba, sun sayar da rabonsu sun yi kuɗin mota, sun tafi biɗa. Aznan Masalata, nan kusa da Ƙonni, ko me mutum zai ce game da al'adarsu, ba sa buɗe daji sai lokacinsa ya yi. Mu ne muka iya cin Disamba a Oktoba.

Kuma ba a rasa mafita ba. Wannan yanki ba hatsi kaɗai gare shi ba. Akwai albasar Galmi da Tsarnawa, akwai fadamar Ƙonni mai shan ruwan madatsun Mozage da Zango, akwai kasuwar dabbobi ta Badagishiri. Kuɗin riga su fito daga aikin rani ko daga ɗan akuya, a bar hatsi ya huta. Inda manoma suka haɗa ƙungiya, suna iya ajiye buhunansu a sito guda, su karɓi rance a kansu, su fanshe lokacin da hatsi ya yi daraja. An gwada wannan a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, kuma ba sihiri ba ne: sito mai kyau, makulli biyu, da littafi. Littafin nan kuwa sai an sami mai iya karatu da rubutu a cikin gari, wanda zai rubuta buhun kowa da sunansa da ranar da ya shigo.