Guzurin Mai Ciwon Suga Ranar Sallama

Muddin mai ciwon suga yana kwance a asibiti, ma'aikatan jinya ne ke auna jininsa, su yi masa allura a kan lokaci, su lura da abin da zai ci. Ranar da aka sallame shi, duk wannan aiki ya koma wuyansa da na iyalinsa. Sau da yawa kuwa guzurin da ake ba shi bai wuce takardar magani da ranar dawowa ba. Shi ya sa wasu ke komowa bayan 'yan makonni, ko a sume, ko da gyambo a ƙafa.

Abu na farko da ya wajaba a koya masa shi ne alamomin faɗuwar suga: gumi, makyarkyata, matsananciyar yunwa da rikicewar tunani. Idan awo ya nuna ƙasa da 70, ya dama cokalin shayi uku na sukari a ruwa ya sha, ya sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma kuwa, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti.

Na biyu, adana insulin, domin zafi na rage masa ƙarfi. Marar firiji zai iya ƙulle kwalbar a leda, ya ajiye ta cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Yawancin kwalaben da aka buɗe ba a amfani da su bayan kwana 28.

Na uku, ƙafa. Ciwon yana kashe jijiyoyin ji, har ƙaya ta soki mutum bai sani ba. Ya duba ƙafarsa kullum, ya tsane tsakanin yatsu bayan alwala, ya daina tafiya ba takalmi.

Sai azumi. Ya ga likita tun kafin Ramadan, ya kuma san cewa idan awo ya gaza 70 ko ya haura 300, lafiyarsa na bukatar ya sha ruwa nan take.

Wannan darasi da Hausa ya kamata a yi shi, a gaban wadda ke girka wa majinyacin tuwo, domin a hannunta ma'aunin abincinsa yake. Kada kuma a sa hannu a takardar sallama sai ya yi wa kansa allura a gaban ma'aikaciyar jinya. Majinyacin da asibiti bai karantar ba, mai tallar magani a tasha ne zai karantar da shi, ya ce masa ya warke, ya ajiye allura.