Kallon bidiyon zaki a waya bai isa dalilin zaɓen kwas ba

Duk shekara idan aka buɗe rajistar JAMB, ɗaliban kimiyya da yawa kan cike gurbin kwas cikin 'yan mintuna, wani lokaci ma mai buga musu fom a kwamfuta ne ke ba da shawara. Wanda ya ƙarar da datarsa wajen kallon zaki da kura a YouTube yakan ɗauka duk kwas ɗin da ya shafi dabba hanya ɗaya ce. A nan ake asarar shekaru.

Likitancin dabbobi shekara 6 ne, ana kuma shigarsa da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, kamar likitancin mutane. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri duk suna koyar da shi, kuma wanda ya gama ya yi rajista shi doka ta yarda ya kira kansa likitan dabbobi. Kimiyyar kiwo kuwa tana ɓangaren aikin gona, galibi shekara 5: abincin dabba, inganta iri, samar da madara da ƙwai. Irin wannan aikin ne ya fito da kazar Shika Brown a cibiyar NAPRI. Zuwoloji, wanda masu kallon namun daji ke rububi, shekara 4 ne, kuma ya fi karkata ga bincike da koyarwa. Kwas ne mai daraja, amma wuraren aiki irin Yankari ba su da yawa, ɗalibi ya san da haka tun kafin ya biya kuɗin makaranta.

Abin takaici shi ne yadda ake raina kwas biyun farko. Wanda bai samu likitancin mutane ba aka tura shi na dabbobi, sai abokai su riƙa yi masa jaje, alhali a Arewa ake kiwon mafi yawan shanun Najeriya. Murar tsuntsayen da ta ɓulla a wata gona a jihar Kaduna a 2006 ta nuna yadda cutar kaji ke karya jari cikin kwanaki. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta, cibiyar Vom kuma ta daɗe tana haɗa rigakafin dabbobi.

Mai son fasaha ma ba zai rabu da wayarsa ba. Akwai na'urorin duba cikin dabba da ake haɗawa da waya, akwai na'urar GPS da ake rataya wa saniya don bin sawunta, masu gonar kaji kuma kan turo hoton kazar da ta kwanta ta WhatsApp tun kafin likita ya iso.

Sai dai aikin akwai kashin shanu da harbin jaki da kiran tsakar dare. Kafin cike fom, ɗalibi ya yi mako guda a asibitin dabbobin garinsu ko wata gonar kaji, ya kuma buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB a wayarsa ya duba darussan da kowace jami'a ke nema.