Aiki ko Raino: Wa zai riƙe wa ungozomar Doguwa jaririnta?

A farkon shekarar 2020 masana'antar fina-finan Indiya ta fitar da wani fim mai suna Panga, wanda Ashwiny Iyer Tiwari ta ba da umarni, Kangana Ranaut kuma ta ja ragamarsa. Labarin wata mata ce mai suna Jaya, wadda ta yi fice a kabaddi, wani wasa na guje-guje da kokawa da Indiyawa ke ji da shi. Tana tsakiyar tashe ta haifi ɗa bakwaini mai yawan laulayi, sai ta ajiye wasan ta rungumi raino, ta koma sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa ta birnin Bhopal. Bayan shekaru, ɗan nata ne da kansa ya matsa mata ta koma fagen da ta bari saboda shi.

Masu kallo da dama sun ɗauki fim ɗin a matsayin labarin jajircewar mace. Amma wanda ya natsu zai ga cewa ba ƙwazon Jaya kaɗai ya mayar da ita fili ba. Mijinta ya shiga kicin duk da bai iya girki ba, mahaifiyarta ta zo ta zauna da jikanta, ƙawarta ta ɗauki nauyin horar da ita. Da babu waɗannan mutane uku, da burin nata ya mutu a bayan tagar sayar da tikiti. Darasin ke nan da ya shafe mu: sau da yawa idan aka ce mace ta zaɓi 'ya'yanta ta bar aiki, gaskiyar magana ita ce ba ta samu wanda zai kama mata ba.

A Kannywood an saba kallon wannan batu ta wata fuska daban. Mai bibiyar fina-finanmu ya san hoton matar da ke fita ofis da sassafe ta bar yara a hannun 'yar aiki, gida ya rikice, miji ya fara neman ƙarin aure, a ƙarshe ta dawo tana kuka tana neman gafara. Da wuya a nuna mijin yana tambayar kansa ko akwai abin da ya gaza, da wuya kuma a nuna shugaban ma'aikatar da ya hana ta rabin awa ta shayar da ɗanta. Ita kanta masana'antar ba ta tsira daga matsalar ba, domin al'adar da aka sani ita ce jaruma na yin aure sai ta daina fitowa, alhali jarumi namiji yana yin aure ya ci gaba da sana'arsa. Mansurah Isah, wadda ta bar fitowa bayan aurenta a 2007, ta bayan kyamara ta ci gaba, har ta shirya fim ɗin Fanan a 2021.

Marubutanmu sun riga 'yan fim hango wannan. Tun a 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da littafin Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, ta gudu birni ta nemi ilimi har ta zama ma'aikaciyar jinya. Fiye da shekara 30 ke nan, amma tambayar da ke biye da wannan labari har yau ba a amsa ta ba: idan yarinyar ta zama ma'aikaciyar jinyar, ta yi aure ta haihu, yaya za ta yi da aikin dare?

A Kudancin Kano wannan tambaya ba ta nishaɗi ba ce. A ƙauyukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, magidanta da yawa ba sa yarda namiji ya duba matansu, balle ya karɓi haihuwa. Ke nan idan babu mace a asibitin garin, mai naƙuda a gida za ta zauna. Wanda ya san hanyar da ta ratsa dajin Falgore zuwa Riruwai ya san abin da ake nufi da ɗaukar mai zubar jini a kan babur ko a bayan a-kori-kura cikin dare a nufi babban asibiti. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin 100 ne kacal na haihuwa a Najeriya ke samun kulawar ƙwararren ma'aikaci, a Arewa maso Yamma kuwa adadin bai kai kashi 20 ba. Binciken ya kuma ƙiyasta cewa mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Duk ungozoma ɗaya da ta ajiye aiki saboda goyo, ko ta nemi a mayar da ita birni kusa da iyayenta, mata masu yawa ne suka rasa madogara.

Haka abin yake a makarantu. Iyaye da dama sun fi sakin jiki su bar 'ya'yansu mata su ci gaba da karatu idan akwai malamai mata a makarantar. Malamar da aka tura Kafin Maiyaki ko Kwanar Dangora daga birni, tana fama da kuɗin mota ga jariri a baya, ba ta daɗewa take fara fashi, daga nan sai neman sauyin wurin aiki.

Akwai kuma wadda ba a cika ambata ba a wannan muhawara, wato 'yar raino. Matar karkara ba ta taɓa samun zaɓi tsakanin sana'a da haihuwa ba. Tana surfe, tana turara shinkafa, tana soya ƙuli-ƙuli, tana saƙa, duk da goyo a bayanta. Ita ma ma'aikaciyar gwamnati idan ta rasa mafita, ƙanwarta ko 'yar maƙwabta take ɗaukowa. Yarinyar da ke zaune a gindin bishiya a harabar asibiti ko makaranta da jariri a cinya, a lokacin da ya kamata tana aji, ita ce ke biyan kuɗin rashin tsarinmu. An ceci aikin mace ɗaya da karatun wata.

Masu cewa babu aikin da ya kai tarbiyyar 'ya'ya suna da gaskiya, kuma ba a raina matar da ta zaɓi zaman gida da son ranta. Sai dai addinin da ya girmama uwa shi ne ya ɗora wa uba ciyarwa da tufatar da mai shayarwa, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara. Tarihinmu ma shaida ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce kuma uwar 'ya'ya, duk da haka ta yi rubuce-rubuce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke zagaya ƙauyuka suna karantar da mata. Ba za mu nace sai mace ce za ta duba matanmu, sannan mu hana namu matan da 'ya'yan yin aikin ba.

Doka ta ɗan taɓuka, amma da sauran tafiya. Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta ba mace hutun haihuwa na mako 12 da aƙalla rabin albashi, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya mata suna samun mako 16, kuma a 2021 aka amince wa maza hutun kwana 14 idan matansu sun haihu. Jihar Kaduna ta mayar da nata hutun wata shida a 2019, daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a shayar da jariri nono zalla na wata shida. Abin dariya ne a ce ma'aikaciyar lafiya ta yini tana yi wa mata wannan nasiha, ita kuwa nata jaririn yana gida ana ɗura masa koko.

An kuma taɓa gwada abin da ya yi aiki. Shirin Women for Health da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, ya shirya su shiga makarantun kiwon lafiya da sharaɗin su koma su yi wa garuruwansu aiki. Daga cikin abubuwan da ya samar har da ɗakunan raino a makarantun. Shirin ya ƙare, amma buƙatar tana nan.

Don haka ya kamata Gwamnatin Jihar Kano da shugabannin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu su ɗauki matakai da ba su fi ƙarfinsu ba. A ware ɗaki ɗaya mai tsabta na raino a kowane babban asibiti da babbar makarantar 'yan mata, a ɗauki dattijuwa daga garin a riƙa biyan ta. A tabbatar da irin wannan ɗaki a Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Bebeji, don kada haihuwa ta katse wa ɗaliba karatu. A fifita 'yan asalin yanki wajen ɗaukar aiki, a gyara gidajen ma'aikata da ke jikin asibitoci, a kuma tanadi cikakken hutun wata shida ga masu jego tare da wadda za ta riƙe musu aiki kafin su dawo. Malamai da hakimai su ma suna da ta cewa, musamman wajen tunatar da maza cewa ɗaukar ɗa ba ya rage wa namiji daraja.

Su kuma 'yan fim, labari na nan yana jiran su. Ungozomar da aka ƙwanƙwasa wa ƙofa ƙarfe biyu na dare, jaririnta na fama da zazzaɓi, mai naƙuda na kwance a asibiti, mijinta kuma ya karɓi yaron ya ce ta je: wannan ya isa fim. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma an daɗe ana barin mata su ɗauka su kaɗai.